Dumit da Ƙararrawar Ingliz

Yayana Dumit ya haura saba'in kafin ya ga damar haukacewa. Ba haukan jifa ba, wannan ai da sauƙi, a kai mutum asibiti kowa ya huta. Nasa na fesa turare ne da rina gashin baki. Ni Takla, da nake dafa masa abinci tun rasuwar matarsa, ni na fara ganowa, ranar da na tarar da farin tawul ɗina ya koma baƙi ƙirin.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Man takalmi ne."

"To a leɓe kake sa takalmin?"

Ya juya mini baya. Ya ɗauki sandarsa ya haura tudu, inda yake zuwa kullum da la'asar, gidan Sitt Idma.

Garinmu Ain Lauz wata uku yake rayuwa a shekara. Zafi na kama Beirut sai mutanen birnin su kwararo mana da motocinsu da 'ya'yansu marasa kunya, su cika otal-otal, su ci tuffa su yar da rabi. Suna sauka kuma sai a bar mu da dutse da itatuwa da harkokin juna. A wannan shekarar harkar da aka fi tauna ita ce ta yayana.

Sitt Idma 'yar garin nan ce gaba da baya, kakanta awaki yake kiwo a bayan gonarmu. Amma ubanta ya yi karatu wurin Turawan mishan da muke kira Ingliz ya bi cocinsu, shi ke nan sunan ya manne mata, 'yar Ingliz. Ta koyar a makaranta a Beirut har ta yi furfura, ba ta taɓa aure ba, ta dawo ta zauna a gidan ubanta kusa da ɗan cocin nasu. Sauran 'yan cocin duk sun watse, wasu Kanada, wasu ƙarƙashin ƙasa. Ita kaɗai ta rage, ita da mabuɗi. Limaminsu yakan hauro daga Beirut jefi-jefi lokacin baƙi, ya yi mata wa'azi ita da bencina, ya sha shayi ya koma.

Abin da matasa ba su sani ba shi ne tsohuwar magana ce. Dumit a samartakarsa shi ne gwanin ƙararrawa a duk tsaunin nan. Ƙararrawar cocinmu na waliyyi Mar Jiryis, wadda ƙarti biyu ke rataya a igiyarta suna nishi, shi da hannu ɗaya yake kaɗa ta, ɗayan hannun a ƙugu, yana kallon 'yan mata. Wadda yake kallo a gaskiya Idma ce, can nesa bakin hanya, don ba ta shigowa harabarmu. Babanmu ya ce 'yar Ingliz ba za ta taka masa ƙofar gida ba. Mai kaɗa ƙararrawa da hannu ɗaya kuwa ya kasa ɗaga kai a gaban tsoho, ya auri Warda, Allah ya jiƙanta, mace mai kirki da ba ta iya gishiri ba.

Yanzu da ya ga babu Baba babu Warda, sai ya tuna yana da zuciya.

"Me take ba ka in ka je?" na tambaye shi wata rana.

"Gahawa."

"Da sukari?"

Ya sosa ƙeya. "Ba ta sa sukari."

"Ka ji! Shekara guda mace tana ɗura maka gahawar makoki, kai kana lashe baki. Wa ya taɓa ba mai neman aure gahawa mai ɗaci in yana son ya dawo? Kora ce, Yaya, cikin ladabi."

"Likita ne ya hana ta."

"Ya hana ta, ko ya hana ka?"

Ranar da ya kawo labarin sharaɗin, ko cokali bai taɓa ba. Ya ce ya yi ta maza ya fito mata da maganar, ita kuma ta ajiye kofi ta ce masa: ya kaɗa wa kowace amarya ta garin nan ƙararrawa, amma ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta taɓa shiga cocinta ba. In da gaske yake, ya zo da rana tsaka, ya shiga ta ƙofar gaba, ya buga tata ƙararrawar har duk gari ya ji. Daga nan sai ta ga abin da za ta ce.

"'Yar wannan ƙararrawar?" ya ce yana dariya. "Ai ta wuyan akuya ce. Da ɗan yatsa zan buga ta."

"Da wace kafaɗar? Wadda nake shafa wa man zafi?"

Na bi shi ne don in ya faɗo a sami mai kururuwa. Kuma, gaskiya, don in ga ciki. Na tsufa a garin nan ina wuce ginin, kakarmu ta ce duk wanda ya shiga zai fito ba waliyyi ko ɗaya a bayansa.

Baƙi sun fara sauka, gari ya yi shiru, ana tsinkar tuffa. Muka haura ta gaban shagon gahawa inda 'yan zaman banza suke, Dumit ya gaishe su da ƙarfi kamar mai tafiya aikin gwamnati. Idma na jiranmu a ƙofa, siririya, tsaye ƙyam, mayafin ulu a kafaɗa, jaka a hannu.

"Sannu da zuwa, Takla. Ke ma an aiko ki ki buga?"

"Ni kallo na zo, Sitt Idma."

"To shigo, ba ma cizo."

Ina shiga na miƙa hannu dama neman ruwan tsarki, na tsoma yatsu, na shafa a goshi. Sai da na ji wari na duba, ashe tulun furanni ne. Idma ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba, wanda ya fi dariya ciwo.

Wai coci! Farin bango, bencina, shi ke nan. Ba turare, ba kyandir, ba waliyyi ko na rantsuwa. In ka yi bakance a nan ban san wa za ka kai wa ba. Warin man goge katako kawai, kamar ɗakin jiran likita. A jikin bango an lilliƙa faranta na tagulla da sunayen Turawan da suka zo shan iskarmu don ciwon ƙirji, iskar ta ƙarasa su. A gaba kuma, inda mutanen kirki ke ajiye Uwarmu Maryama, sun kafa wata ƙatuwar gaggafa ta tagulla ta baje fukafukai, Littafi a gadon bayanta.

"Ina Maryama?" na ce.

"Tana sama."

"Ba hotonta?"

"Ba ta bar mana ba. Ku ta bar wa?"

Na yi tsaki. Dumit kuwa tuni ya tuɓe kwat, ya naɗe hannun riga, ya tofa yawu a tafi. Igiyar tana rataye a lungu bayan ƙofa. Ya sa hannu ɗaya a ƙugu, irin na da, ya kalli Idma, ya fizga. Igiyar ta tsinko gaba ɗayanta ta zubo masa a ka, da ƙura da kashin tattabaru.

"Tun zamanin babana ba a taɓa ta ba," in ji Idma. "Akwai tsani. In ka hau, guntun igiyar na nan a sama. In kuma ba za ka iya ba, Dumit, ba komai, mu je in dafa maka gahawa."

Jin sunan gahawar nan ya sa ya kama tsanin. Na ce Yaya don Allah, na ce Yaya gwiwarka, ko waiwaye. Ya shige ta wata 'yar ƙofa a rufi, ƙafafunsa suka ɓace. Idma ta zauna a bencin gaba ta ɗora jaka a cinya.

Muka ji gurnani, muka ji ƙarar tsatsa, muka ji ya ambaci wani abu game da uwar wanda ya ƙera ƙararrawar. Sai can: ƙau!

Shiru. Na san wannan shirun, kafaɗar ce ta riƙe, yana jiran ta sake shi. Har na buɗe baki zan kira shi, sai: ƙau! Shiru kuma, dogo. Haka ya ci gaba, bugu ɗaya, hutu, bugu ɗaya, hutu. Kunya ta ishe ni na fita waje na tsaya a bakin ƙofa.

Ban daɗe ba sai ga Um Nasif, maƙwabciyar Idma, ta ɓullo tana haki, ta zura baƙar riga a kan kayan girki, silifa ƙafa da ƙafa daban. Wannan matar ta shekara da shekaru ba ta gaida Idma saboda reshen gyaɗar bishiya da ya leƙa mata katanga.

"Takla! Idma ce?"

"Wa kuma in ba ita ba?" na ce cikin haushi, don a zatona tana tambayar wadda ta sa tsoho hawa rufi.

"Wayyo Allah! Yaushe?"

"Yanzun nan. A gabana."

"Ba ta yi ciwo ba?"

"Ciwon me? Lafiyarta ƙalau, har baƙar magana ta gaya mini."

Um Nasif ta ɗora hannu a ka ta juya ta gangara tana rusa ihu. Na bi ta da kallo ina cewa wannan kuma me ya same ta. Sai ƙararrawa ta sake cewa ƙau, ta yi shiru, nan take na gane. Duk ɗan da aka haifa a tsaunin nan ya san bugun biki da bugun mutuwa tun yana goye. Na biki a jere yake, yana rawa. Ɗaya-ɗaya da shiru a tsakani kuwa, mutum ya tafi. Kuma ƙararrawar Ingliz mutum ɗaya ya rage mata da za ta buga wa.

Na koma ciki da gudu. Bencin gaba ba kowa, sai mayafin ulu. Na same ta a ɗan ɗakin da limaminsu ke sa riga, ta je shan ruwa, tana leƙen hanya ta taga.

"Sitt Idma, an kashe ki! Fito su gan ki!"

"Na ji. Rufe ƙofar, ki bar 'yar kafa."

"Haba, wannan ai saɓo ne."

"Takla," ta ce, ba ta ko dube ni ba, "kullum in na kwanta sai in ga ranar jana'izata. Ni, da limami, da direban motar gawa yana duba agogo. Bar ni in kalla."

Na dube ta. Tausayinta ya kama ni, abin da ban shirya masa ba, kuma na ji haushin kaina da ya kama ni. Na ja ƙofar, muka haɗa kai a kafar kamar 'yan mata.

Mutanenmu ba sa zuwa wurinka kana da rai, amma ba a fin su zuwa makoki. Kafin ka ce me, sun fara shigowa, mata a gaba cikin baƙi, maza da kwat ɗin Lahadi a kan wandon gona. Kowa ya tako bakin ƙofa sai ya ɗan tsaya, kamar mai shiga ruwan sanyi. Na ƙirga aƙalla mata huɗu da suka tsoma hannu a tulun furanni, raina ya yi fari. 'Yan cocinmu suna yin alamar gicciye daga hagu, 'yan ɗayan cocin garin, na Rum, daga dama, gwiwar hannu na karo. Durzawa, maƙwabtanmu da ba Kirista ba, suka jeru a baya da fararen huluna, hannu a ƙirji. Wata tsohuwa ta rasa inda za ta kafa kyandir ɗinta, ta je ta manna shi a gaban gaggafa ta durƙusa.

"Ina gawar?" wani ya tambaya.

"Ingliz ba sa nuna gawa," in ji mai otal, da muryar wanda ya san duniya. Yana faɗa yana auna filin cocin ta taga da ido, na rantse motoci yake jerawa a ciki.

Um Nasif ta kama bencin gaba, kusa da mayafin, tana bugun ƙirji. "'Yar'uwata! Maƙwabciyata! Ko gyaɗa ɗaya ba ta taɓa hana ni ba!"

"Ƙarya take," Idma ta raɗa mini. "Sata take yi." Amma ba ta janye fuskarta daga kafar ba. Idonta na bin bencina ɗaya bayan ɗaya, har na can baya da ta ce tun tana yarinya ba ta ga mutum a kansu ba.

Sai ga Abu Shakib mai gahawa, wanda ba a taɓa gayyatarsa makoki ba kuma bai taɓa fashi ba. Ya shigo da doguwar butarsa yana kaɗa ƙananan kofuna a hannu, ƙamshin gahawa mai ɗaci ya kori warin man katako. Duk wannan abu ƙararrawa na ta faɗin ƙau, tana hutawa, ba wanda ya tambayi wa ke bugawa.

Can ta yi shiru gaba ɗaya. Ƙafafu suka ɓullo daga rufi suna laluben tsani.

Ya sauko da baya, a hankali, ya juyo. Yanar gizo a ka, riga ta jiƙe sharkaf, rinin gashin bakin ya narke ya gangaro ta gefen baki biyu har haɓa. Ya ga coci cike maƙil. Na ga ƙirjinsa ya buɗe, ya yi murmushi, har da ɗan sunkuyawa. A tunaninsa gari ya zo jin gwani.

Abu Shakib ya ajiye buta ya rungume shi. "Sannu da haƙuri, Khawaja Dumit. Kai ka dace ka buga mata."

"Me?" Dumit ya yi ihu. Ƙararrawar ta toshe masa kunne.

"Na ce Allah ya jiƙanta!" Abu Shakib ya kwarara masa a kunne. "Sitt Idma!"

Murmushin bai tafi nan take ba, sai da ya ɗan tsaya a fuskar shi kaɗai. Ya dubi baƙaƙen kaya. Ya dubi buta. Ya dubi bencin gaba inda ya bar ta zaune, ya ga mayafi ba mai shi. Na yunƙura zan fita, Idma ta damƙe mini wuyan hannu, ban san tsohuwar malamar makaranta na da ƙarfi haka ba.

Ya tako tsakiyar coci yana jan ƙafa, mutane na darewa. Ya ɗauki mayafin. Sai ya zube a ƙasa a kan gwiwoyin nan da nake yi wa faɗa.

"Ina sama," ya ce, da ƙarfi irin na kurma. "Ina sama ina wasa da igiya! Idma, ai na zo. Na shigo ta ƙofar gaba, kin gani da idonki."

Ba mai motsi. Ya juyo ya dube su, hawaye na haɗuwa da baƙin rini.

"Me kuke kallo? Ku na ji wa tsoro! Na ji tsoron Baba, Baba ya mutu na ji tsoron limami, na ji tsoron bakinki, Um Nasif, na ji tsoron 'yan shagon gahawa. Tun tana da kitso biyu nake son matar nan. Ga shi na faɗa, ku kai kasuwa! Shekara hamsin ina tsoron tudun nan, tafiyar da ba ta kai shan sigari ɗaya ba, sai yau na iso."

Ya cusa fuska a mayafin yana kuka kamar yaro. Ban taɓa ganin yayana yana kuka ba, ko ranar Warda. Na kawar da kai. Hannun da ke riƙe da ni ya sake.

Idma ta gyara gashinta, ta rataya jaka, ta tura ƙofa.

Um Nasif ce ta fara ganinta. Ta kira waliyyai uku a numfashi ɗaya ta haye benci. Tsohuwar nan mai kyandir ta dubi Idma, ta dubi gaggafa, ta sake durƙusawa. Mai otal ya cire ido daga taga. Idma ta ratso su ba gaggawa, tana gyaɗa wa kowa kai kamar mai duba 'yan aji.

"Sannunku da zuwa. Ashe kun san hanya."

Ta tsaya a kan Dumit. Sai da ya ga takalmanta sannan ya ɗago. Ya ƙura mata ido.

"Cewa na yi ka buga gari ya ji," ta ce, "ban ce ka binne ni ba. Ba ni mayafina, ka ɓata shi da man takalmi."

"Me ta ce?" ya yi ihu, yana waige-waige. "Takla! Tana da rai? Me ta ce?"

Aka fashe da dariya, har Durzawan baya, irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro. Shi kaɗai bai yi ba. Yana durƙushe yana kallon leɓenta, yana ƙoƙarin karanta hukuncinsa, ya kasa. Ta sake yin magana, a hankali wannan karon, ni ma ban ji ba. Ya girgiza kai, ya nuna kunnensa, fuskarsa kamar zai sake fashewa.

Sai ta juya. "Abu Shakib, zuba mini."

Ya zuba mata. Ta ɗora kofin a kan benci, ta buɗe jakar nan da ta riƙe tun daga gida, ta fito da 'yar takarda a ƙulle. Ta warware. Sukari ne. Ta juye shi duka a kofin, ta cire tabarau ta juya da ƙafarsa, ta miƙa wa Dumit.

Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗan yamutsa fuska tun kafin ya kai baki, don ya saba. Ya kurɓa.

Ya tsaya. Ya dubi cikin kofin, ya dube ta. Ya sake kurɓa a hankali, don ya tabbatar.

"Tun daga gida kika taho da shi?" ya ce, kuma a karon nan bai yi ihu ba.

Ta ɗaga kafaɗa, ta mayar da tabaranta, ƙafar na ɗigar gahawa a bayan kunnenta.